Filin da aka fasa batir a kai: za a iya gina makaranta a wurin?

Tambaya: Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a Sabon Zango, nan Accra. Bayan an tashi kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, wasu samari suka karɓi hayar wani fili a bayan makarantarmu. Sun yi shekaru suna fasa batirin mota, suna narka dalma, da dare kuma su ƙona waya. Bara maƙwabta suka matsa musu har suka tashi. Yanzu mai filin yana so ya ba makaranta shi wakafi mu ƙara ajujuwa. Damina ta wanke wurin, ciyawa ta fito, babu wari, yaranmu ma a nan suke buga ƙwallo. Za mu iya yin gini? Kuma in da akwai haɗari, ai da hukuma ta zo ta gaya mana, ko ba haka ba?

Amsa: Allah ya gafarta Malam. Kafin komai, a fitar da yaran nan daga filin yau, a tare shi da kwano ko waya yadda ba za su koma ba. Sauran bayanin ana iya karanta shi a natse, amma wannan ba ya son jinkiri.

Aikina auna guba a ƙasa da ruwa ne, kuma abin da ka kwatanta yana cikin mafi munin abin da ake yi wa fili a cikin gari. Ruwan sama ba ya wanke dalma. Ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, rana ba ta busar da ita. Idan ta zuba a ƙasa sai ta manne wa ƙurar da ke sama-sama, ta zauna. Abin da damina ke yi bai wuce ta kwashi kaɗan ta kai kwata da tsakar gidan maƙwabta ba, hunturu kuma ya ɗauki ƙurar ya shigar da ita ɗakuna. Fitowar ciyawa ba shaida ba ce, domin ciyawa tana tsirowa lafiya lau a ƙasar da za ta illata yaro. Rashin wari ma haka, dalma ba ta da wari tun asali. Warin da kuke ji a da na robar waya ne da ruwan batir, shi ne ya tafi.

Batirin mota guda, fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Farantan ƙarfen da ke ciki su ne kuɗin, su samarin ke tattarawa su sayar, don haka ba su ne suka fi zama a filin ba. Abin da ke zama shi ne wani abu mai kama da busasshiyar laka da ke manne a jikin farantan, wanda ke marmashewa ya zube da zarar an sa adda ko guduma. Shi ma dalma ce, kuma a wannan siffa ta gari ciki ya fi saurin shanye ta. Ruwan batirin da ake tuttulewa a ƙasa yana ɗauke da nasa kason, kuma saboda tsaminsa yana jan dalmar ta nitse fiye da yadda za ta yi ita kaɗai. Sai narkawa: dalma tana narkewa da zafin digiri 327 kawai, shi ya sa tukunya da gawayi ko tsohuwar taya sun isa. Tururin da ke tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya yana hucewa a iska ya koma ƙura mai laushin gaske, ya sauka a kan rufi da tagogi da tabarmin ajinku. Ke nan maganar ba ta tsaya a iyakar filin ba, makarantar da kuke ciki yanzu da gidajen da ke jikinsa duk suna ciki.

Don ka ga girman abin da lambobi: ƙasar da ba a taɓa gurɓatawa ba yawanci dalmar cikinta ba ta kai miligiram 50 a kowane kilo ba. Amurka ta daɗe tana riƙe da 400 a matsayin iyaka ga wurin wasan yara, a 2024 ta sauko da ma'aunin zuwa 200. A Agbogbloshie an taɓa auna wurin da ya kai 18,125. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2013 ƙungiyoyin Blacksmith Institute da Green Cross suka sa shi cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. Kuma a can aikin gauraye ne, kwamfuta da firiji da ƙarafan mota. Inda aka keɓe ana fasa batir zalla, lambar kan yi sama sosai a daidai wurin fasawa da wurin murhu. Game da daɗewa kuwa, a garin Kabwe na ƙasar Zambiya an rufe ma'adinin dalma tun 1994, har yau ana samun yaran da jininsu ke cike da ita, yaran da aka haifa shekaru masu yawa bayan an kashe wutar masana'antar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gubar ke aiki a jikin yaro, domin kai ne za ka fara ganin alamarta ba tare da ka san ita ce ba. Yaro yana wasa a ƙasa, hannu ya yi ƙura, ya kai baki, ya ci burodi da shi. Abin da ya haɗiya, jikinsa yana shanye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai shanye. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin gina ƙashi ne, sai ya shigar da ita jini da ƙwaƙwalwa, ya adana saura a ƙashi na shekaru da dama. Yawancin yaran da ta kama ba sa kwanciya ciwo. Sai dai ka ga yaron da ake biya masa aya sau goma ba ta zauna ba, wanda ya yi hadda jiya yau ta zube, ba ya iya zama wuri guda, ga saurin fushi, ga ƙarancin jini da yawan ciwon ciki. Mu kuma sai mu ce daƙiƙi ne ko mara ji, wani lokaci har da bulala. Ba kowane yaro mai wahalar karatu ne dalma ta taɓa ba, amma wanda ta taɓa, abin da ta rage masa na kaifin ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Idan ta yi yawa sai ta kai ga jijjiga da suma da mutuwa, kuma a nan ma akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko iska. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wanda ya fi kama da naku shi ne na unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, inda tsakanin 2007 da 2008 yara 18 suka mutu. A can ma batir aka daɗe ana fasawa, daga baya mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin a gida suna fitar da dalma su sayar, da goyo a bayansu.

Saboda haka gwajin jini ya riga gwajin ƙasa muhimmanci. A fara da yara 'yan ƙasa da shekara shida na gidajen da ke kewaye, da masu ciki, sannan waɗanda suka fi zama a filin. Mai ciki ta shigo lissafi ne don dalmar da ke ƙashinta tana fitowa lokacin ciki ta ratsa zuwa ga ɗan tayi. A gaya wa likita ƙarara cewa yaron yana zaune kusa da inda aka narka batir, ana son a auna dalmar jininsa, domin gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna ta, sai an nema da suna. A ɗebi jinin daga jijiya, na ɗan yatsa ƙurar fata kan ɓata shi. Daga maikirogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a nemo inda gubar ke fitowa a toshe. Maganin da ke fitar da dalma daga jini sai lamba ta yi sama sosai ake ba da shi, wajen 45, kuma a hannun likita kawai. A Zamfara likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun nace sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauye kafin a fara ba yara magani, don yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar bai tsira ba. Madarar gwangwani da masu wannan sana'a ke sha wai tana wanke ƙirji ba ta fitar da komai. Abin da ke taimakawa shi ne kada yaro ya fito da yunwa, don cikin da babu abinci ya fi shanye dalma. Koko da ƙosai da safe, wake, hanta, zogale, kontomire, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna rage abin da jiki ke ɗauka.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi yaudarar mutane. Shirun hukuma ba shaidar lafiyar fili ba ne. Ma'anarsa kawai babu wanda ya zo ya auna.

Ba doka ce Ghana ta rasa ba. Tun 1974 muke da majalisar kare muhalli, a 1994 doka mai lamba 490 ta mayar da ita Hukumar Kare Muhalli, EPA, a 2016 aka yi doka mai lamba 917 musamman kan shara mai guba da tsofaffin kayan lantarki, har da harajin da ake karɓa a kan kayan da ake shigowa da su don a kula da ƙarshensu. A 2025 kuma doka mai lamba 1124 ta haɗe waɗannan ta ƙara wa hukumar iko. Tsarin mulkin 1992 kansa ya ɗora wa gwamnati kare muhalli saboda na baya, ya kuma ɗora wa kowane ɗan ƙasa. Amma duba yadda tsarin ke aiki a zahiri. Tun ƙa'idojin 1999, wanda zai kafa masana'anta shi ne zai je ya nemi izini, a duba shirinsa, a ba shi takarda, sannan ya riƙa kai rahoto duk shekara, galibi da alƙaluman ƙwararren da shi ya biya. Jami'ai kan kai ziyara, suna da ikon rubuta gargaɗi, su ci tara, su rufe wuri. Duk wannan ƙarfin yana kan wanda ya shigo ta ƙofa, mai suna da adireshi. Samari biyar da adda da tukunya a bayan makarantar allo ba su taɓa shiga kundin kowa ba. Lokacin da suke aiki hukuma ba ta san da su a rubuce ba, da suka tashi kuma babu fayil ɗin da za a buɗe a ce a je a duba abin da suka bari.

Ga kuma rabuwar aiki. Gurɓata ƙasa na EPA ne, izinin gini da abin da ke damun maƙwabta na majalisar ƙaramar hukuma ne da jami'anta na duba-gari da muke kira tankas, jinin yara na Hukumar Lafiya ta Ghana ne, takardar fili kuma ta Hukumar Filaye ce, wadda iyaka da mai shi take nunawa, ba abin da aka zubar a ciki ba. Kowa yana iya yin aikinsa daidai, filinku ya faɗa a tsakani.

Agbogbloshie kansa darasi ne. A watan Yulin 2021, ƙarƙashin ministan yankin Greater Accra na lokacin, Henry Quartey, aka sa katafila ta rushe wurin, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Hayaƙin da ke turnuƙe bakin kogin Odaw ya ragu a wannan fili, wannan gaskiya ne. Amma abin da katafila ta ɗauke rumfuna ne, dalmar da ke ƙasa ba ta bi su ba, sana'ar kuma ba ta mutu ba, watsuwa ta yi cikin Old Fadama da lungunan unguwanni irin naku, kusa da ɗakunan kwana da tukwanen abinci. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A da guba tana tattare a wuri guda da kowa ya sani, masu bincike suna zuwa su auna, har a 2014 an kafa injinan fere waya a wurin don a rage ƙonawa. Yanzu tana ƙananan wurare masu yawa da ba wanda ya lissafa. A ra'ayina, tashin irin wannan kasuwa ba tare da an tanadi inda aikin zai koma da yadda za a gyara ƙasar da aka bari ba, kuskure ne da yaran zango ke biyan kuɗinsa.

Kada kuma a ɗauka mai takardar izini shi ne amintacce. A unguwar Owino Uhuru da ke Mombasa, masana'antar narka batir ce mai izini ta cutar da mutane. Wata ma'aikaciyar wurin, Phyllis Omido, ta gano dalma a jinin ɗanta, ta tashi tsaye da mutanen unguwa har aka rufe masana'antar a 2014. A 2020 kotu ta yanke diyyar shilin biliyan 1.3, kuma ta ɗora wani kaso na laifin a kan hukumomin gwamnati, har da ta kare muhalli. Abin lura a nan, ba hukuma ce ta fara gano matsalar ba, gwajin jinin yaro guda ne.

Akwai wani labari da nake so kwamitin makaranta ya ji kafin a sa hannu a takardar wakafi. A Love Canal, cikin jihar New York ta Amurka, kamfanin Hooker ya binne sharar sinadarai wajen tan dubu 21 a wani tsohon rami, ya rufe da ƙasa. A 1953 ya miƙa filin ga hukumar makarantun garin a kan dala ɗaya, da sharaɗi a takarda cewa ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Aka gina makarantar firamare, gidaje suka kewaye ta. Sai a 1978, bayan iyaye mata irin su Lois Gibbs sun bi gida-gida suna tattara labarin ciwon 'ya'yansu, aka ayyana dokar ta-ɓaci aka kwashe mutane. Daga nan ne Amurka ta yi dokar 1980 da ta tanadi asusu na musamman don gyara wuraren da mai laifin ya gudu ko ya karye. Ban kawo wannan don in zargi mai filinku ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake neman lada, kuma bai san abin da ke ƙasarsa ba. Amma ranar da filin ya zama na makaranta, nauyin abin da ke cikinsa ya dawo wuyanku. Malam ya fi ni sanin hukuncin bayyana aibin kaya kafin a miƙa shi, da hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Ku gode masa, ku ce za ku karɓa bayan an auna, ku kuma zauna da shi a kan kuɗin gyara, tunda shi ya karɓi hayar da ta jawo matsalar.

Yadda za a motsa hukuma kuwa, da takarda ne. Zuwa ofis a yi bayani da baki, ko a faɗa wa asambuliman, wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, a bakin masallaci, ba ya barin sawu. A rubuta wasiƙa zuwa ofishin EPA mai kula da yankinku, a kai kwafi sashen lafiyar muhalli na majalisar Ablekuma Central da ofishin lafiya na ƙaramar hukumar. A faɗi inda filin yake da adireshinsa na GhanaPost, abin da aka yi a ciki da tsawon lokacin, yawan yaran makarantar, da hotuna idan akwai, musamman na fasassun kwandunan batir da kashin maƙera da suka rage. Kada a rubuta "a taimaka mana" kawai. A nemi abu uku da sunansu: a zo a auna ƙasa, a ba ku sakamakon a rubuce, a faɗa muku a rubuce inda za a kai ƙasar idan an kwashe. Sarkin zango da liman da asambuliman da shugabar iyaye mata su sa hannu. Wanda ya kai wasiƙar kada ya baro ofis sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinku. Idan aka yi shiru, dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ku damar tambayar abin da aka yi da ƙorafinku, kuma jami'in yana da kwana 14 ya ba da amsa. Bayan haka akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wadda aikinta ne sauraren wanda ofishin gwamnati ya yi wa sakaci. Jami'an nan da yawansu mutanen kirki ne masu ƙarancin mota da kayan aiki, kuma wasiƙa mai hatimi da sakamakon jinin yara a jikinta tana ba su hujjar da za su nemi a ba su abin fita.

Ba sai kun jira su ba kafin ku auna. Hukumar Ma'auni ta Ghana, Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya da Jami'ar Ghana a Legon duk suna da ɗakunan gwajin ƙarafa masu guba, kuma kuɗin gwaji ƙanƙane ne in aka gwada shi da kuɗin gini. Inda ake yin kuskure shi ne wajen ɗiba. Wani zai haƙa rami mai zurfi a kusurwar da ta fi tsafta ya kai, sakamako ya fito da kyau, kowa ya yi murna. Yaro ba a ƙasan rami yake wasa ba. A raba filin gida-gida, a kankari saman ƙasa kamar kaurin yatsa biyu daga kowane gida, kowanne a ledarsa da lambarsa. Wurin fasawa da wurin murhu da inda ake zubar da ruwan batir a ɗebe su daban, sama da kuma zurfin taƙi ɗaya ko biyu, kada a gauraya su da sauran. Maƙwabta sun san waɗannan wurare, a tambaye su. A haɗa da lakar kwata, ƙasar tsakar gidajen da ke jiki, da ƙurar tagar aji. Idan an sami mai na'urar hannu ta XRF, wadda ake ɗorawa a ƙasa ta ba da lamba nan take, ya fi sauƙi, don a wuni ɗaya za a zana taswirar inda gubar ta taru. Idan akwai rijiya ko burtsatse kusa, a daina sha da girki da ruwan har a auna shi. Tafasawa ba ta cire dalma.

Ƙona wayar da ka ambata tana da nata sharrin daban. Robar da ke jikin waya idan ta ƙone tana haifar da dayoksin, gubar da ke taruwa a kitse. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun auna ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, suka tarar ƙwai guda ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda babba ya ci a rana sau 220. Gwajin dayoksin yana da tsada, don haka a sauƙaƙa wa kai: kada kaji da awaki su yi kiwo a filin, kada a shuka abin ci, kada a ɗebi tokar wurin.

To, ana iya gini ko ba a iya? Ana iya, in an bi hanya. Dalma tana cutarwa ne idan ta sami hanyar shiga baki ko hanci, saboda haka gyara iri biyu ne: a kwashe, ko a rufe, yawanci kuma a haɗa su. Inda lamba ta kai dubbai, a kwashe saman ƙasar ana aunawa har a iso mai tsafta. A Zamfara abin da aka yi ke nan, aka kankare tsakar gidaje aka binne ƙasar a ramin da aka tanada, aka zuba sabuwa. Bayan kwashewa a shimfiɗa leda mai kauri ko wani abu da zai zama alama ga mai haƙa nan gaba, a zuba marmara mai tsafta, a daɓe da siminti. Filin gaba ɗaya nake nufi, har farfajiya da bayan ajujuwa da gefen katanga, domin ɗan zirin da aka bari a buɗe shi ne inda yara za su taru. Lokacin haƙa harsashi da ramin masai shi ne mafi haɗari: a jiƙa ƙasa kafin a taɓa ta, kada a yi da hunturu, a yi lokacin hutun makaranta, leburori su rufe hanci su kuma sauya tufafi su yi wanka kafin su koma ga iyalinsu. A rubuta a takardar wakafin kanta cewa akwai gurɓatacciyar ƙasa a ƙarƙashi, don kwamitin da zai zo bayan shekara ashirin kada ya fasa daɓen ya haƙa rijiya.

Ƙasar da aka kwashe ita ce wadda na fi jin tsoro. A Accra kowa yana neman ciko, kuma mai tifa ba zai rasa wanda zai sayar wa ba kafin ya kai Kasoa. Idan haka ta faru, kun ɗauke guba daga bayan makarantarku kun zuba a tsakar gidan wani. Shi ya sa na ce a nemi wurin zubarwa a rubuce, kuma mutum biyu daga kwamiti su bi motar har inda za ta juye.

Kafin a kai ga wannan duka, a cikin makaranta a daina shara a bushe. A yayyafa ruwa, a goge daɓe da tagogi da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke tabarmi da dardumomi, takalma su tsaya a waje, yara su wanke hannu da sabulu kafin cin komai. Tunda za a tara iyaye, a yi musu maganar kwalli. Binciken da Hukumar Lafiya ta Ghana ta yi tare da UNICEF da Pure Earth, wanda aka bayyana a 2023, ya sami fiye da rabin yaran da aka gwada da dalma a matakin 5 ko sama, kuma cikin hanyoyin da aka gano akwai kwallin dutse da ake sa wa jarirai, wanda a kasuwa ake kira chilo, da tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe. Dutsen kwalli mai ƙyalƙyalin nan asalinsa ma'adinin dalma ne. Idan jinin yaro ya nuna lamba, a duba wannan ma, kada a ɗora komai a kan fili.

Samarin da suka tashi, a neme su. 'Yan'uwanmu ne da suka zo neman abinci, kuma jininsu da na 'ya'yansu ya fi na kowa buƙatar gwaji, tunda da kayan aikin a jikinsu suke komawa ɗaki. Su ne kuma suka san daidai inda suka kafa murhu da inda suka binne abin da bai saidu ba, bayanin da zai rage muku kuɗin gwaji da na haƙa. Idan an je da faɗa ba za su faɗa ba. A je ta hannun shugabannin 'yan gwangwan, a nuna musu cewa batir ana iya sayar da shi ɗungum da ruwansa ga masu izinin sarrafa shi ba tare da an fasa ba, sannan a sa inda suka koma a cikin wasiƙar da za ku kai, da roƙon a auna can ma.